Tulun Barcin Kuluwa

Masu tsohon labari sun ce babu mafarkin da ke ɓacewa. Duk abin da mutum ya gani a barci, ko ya faɗa alhali ba ya cikin hayyacinsa, akwai wani birni a bayan duniyar nan inda ake zuba shi a tulu, a toshe bakin da laka, a jera. Sunan wurin Birnin Tuluna. Mutane da yawa sun ji labarinsa, amma wadda ta je ta dawo da ƙafarta ita ce Kuluwa ta garin Kurmin Ɓauna, kuma ba sha'awar yawo ce ta kai ta ba, fushi ne.

Kuluwa 'yar bori ce. Tun tana budurwa wata iska mai suna Doguwa ke hawanta, shi ya sa ake ce mata godiyar Doguwa, wato macen dokin da take hawa. In ciwo ya gagari masu magani, sai a share fili, Makau mai garaya ya zauna ya kaɗa, Kuluwa ta faɗi, Doguwa ta yi magana da bakinta. A al'adar 'yan bori, wanda iska ta hau ba ya sanin abin da aka faɗa da bakinsa, kuma in ya farfaɗo ba a gaya masa. Haka Kuluwa ta yi shekara da shekaru tana ba da aron bakinta, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar me aka yi da shi ba.

Ana nan sai Ladingo matar mai gari ta kwanta ciwo. Kullum ramewa take yi, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Aka kira wasa da hantsi, gari ya taru, Makau ya kaɗa, Kuluwa ta faɗi kamar yadda ta saba. Da ta buɗe ido sai ta ga fili wayam, ba wanda ya tsaya ya miƙa mata ko ruwa. Ta jiyo hayaniya daga ƙofar gidan mai gari, ta tashi tana tangaɗi ta nufi can. Ta kutsa cikin mutane, sai ga ƙanwarta Tsahara mai kitso, uwa ɗaya uba ɗaya, an ɗaure ta a turke, kanta ba ɗankwali, leɓenta na jini.

Kuluwa ta ce, "Wane mara mutunci ne ya yi mata haka?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Can wata tsohuwa ta ce, "Ai ke kika faɗa, Kuluwa. Doguwa ta ce Tsahara mayya ce, ita ta kama kurwar Ladingo ranar da ta yi mata kitso."

Kuluwa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta durƙusa gaban mai gari Shekarau ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan a bayana ta girma. Ko kaza ba ta iya yankawa."

Mai gari ya ce, "Mun sa ta ta tsallake mara lafiya, ba a ga sauƙi ba. In Ladingo ta tashi, sai Tsahara ta tattara ta bar mana gari. In kuwa ta cika, ga samari can da sandunansu. Ba ni na kira sunanta ba, bakinki ne."

Kuluwa ta juya wajen Makau, wanda ke rakuɓe jikin bango rungume da garayarsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi kiɗa kawai ya yi. Ta dubi Tsahara, Tsahara ta kau da kai, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ba ta koma gida ba. Rana na tsaka, lokacin da mai hankali ba ya zuwa gindin kuka, Kuluwa ta nufi tsohuwar kukar bakin rafi inda ake kai wa Doguwa sadaka. Ta kwance baƙin zanen da take yafawa in za a hau ta, ta jefar a ƙasa, ta tattake shi da ƙafa.

"Doguwa, fito. Na ba ki bakina, na ba ki jikina, kin fyaɗa ni da ƙasa a gaban jama'a ban taɓa cewa uffan ba. Sakayyar da za ki yi mini ke nan? In ke 'yar halak ce ki fito, in ba ki fito ba ni zan shigo."

Kukar ta yi wata ƙara, ta tsage daga sama har ƙasa. Da wani ne ya ga haka, da ya ranta a na kare. Kuluwa ta gyara ɗamara ta shige.

Ta faɗo a bakin wani kogi fari fat kamar nono, ba ya motsi. Gaɓar cike take da mutane a kwance suna minshari, wasu har ciyawa ta tsiro a cikin gashinsu. Ga jirgi, ga mai fito a zaune, fuskarsa sumul daga hanci har haɓa, babu baki. Duk da haka ta ji muryarsa a tsakiyar kanta.

"Ke 'yar Adam, wannan Kogin Gyangyaɗi ne. Ina haye da kowa, ba na tambayar dalili. Amma wanda ya rintsa a jirgina, nan zan dawo da shi in shimfiɗe tare da waɗannan, sai tashin duniya."

Ta ce, "Tuƙa, malam, ba hira na zo ba."

Ya fara tuƙi a hankali, filafili na shiga ruwa yana fita, kullum da sauti iri ɗaya. Kafin su kai tsakiya idon Kuluwa ya yi nauyi, fushinta ya fara sanyi, har ta ji zuciyarta na cewa ai komai zai wuce, ɗan kishingiɗa. Nan ta gane kogin ya fara cin ta. Ta laluba bakin zanenta inda ta ƙulle barkonon da ta saya na miya, ta murje shi a yatsa, ta goga a ido biyu. Ta ƙwalla ƙara. Daga nan har ɗaya gaɓar hawaye take yi tana zagin mai fito, da jirginsa, da wanda ya sassaƙa jirgin.

Da suka isa, muryar ta ce, "Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa shan zagi daga gaɓa zuwa gaɓa ba sai yau. Sauka lafiya, Allah ya kiyaye wanda kike nema."

Ta bi wata hanya mai yashi ja, ta ratsa wani daji inda itatuwa ke maimaita duk abin da ya zo wa matafiyi a rai. Duk inda ta gifta sai ta ji ganyaye na raɗa da muryarta, "Ƙanwata, ƙanwata, sai na ci mutuncin Doguwa." Ba ta kula su ba. Ta fito ta tarar da ganuwa wadda ido ba ya ganin ƙarshenta, da ƙofa guda. A bakin ƙofar wani ƙato ne zaune, ba shi da ido, kunnuwansa kamar faifai, gefensa tsibin wasu duwatsu masu faɗi.

Ƙaton ya ce, "Ni ne Mai Kunne, mai tsaron Birnin Tuluna. Ina jin baki, ina jin zuciya. Ba a shiga sai an gaishe ni. Wanda bakinsa ya saɓa wa zuciyarsa, harshensa ya zama dutse ya faɗo. Waɗannan da kike gani harsunan masu ladabi ne. Gaishe ni, 'yar Adam."

Kuluwa ta kusa cewa ina wuni, don bakin Bahaushe ya saba, ko maƙiyinsa ya gani sai ya tambayi gajiyarsa. Ta cije leɓe ta ce, "Ban damu da yadda ka wuni ba. Ban damu da iyalinka ba, in kana da su. Kana tare mini hanya ne, ƙanwata na ɗaure a rana, kuma da ina da ƙarfi da na ture ka na wuce."

Mai Kunne ya karkaɗa kunnuwa ya saurara, sannan ya bushe da dariya har tsibin duwatsun ya zube. "Baki da zuciya duk abu ɗaya. Shiga, mara kunya."

Cikin birnin babu gidaje, sai tuluna jere a kan tuluna, layi bayan layi, har sama. Kowane na guna a hankali, birnin duka na amo kamar amya. Iskoki na ta kai da kawowa da sababbin mafarkai a ƙorai suna juyewa. Akwai tulunan jarirai ƙanana masu ƙamshin nono, akwai na azzalumai waɗanda aka ɗaure da igiya don kada su fashe. A ƙarshen wani layi ta hango wata mace zaune a ƙasa, amma kanta ya wuce ganuwa, tana kaɗi da mazari. Kuluwa ba ta taɓa ganin Doguwa da ido ba, sai dai jikinta ya san ta, don gwiwoyinta sun fara rawa za su durƙusa. Ta hana su.

Doguwa ta sunkuyo ta ce, "Godiyata, kin tattake zanena, kin kira ni da abin da ba a kiran iska da shi. Faɗi ƙararki kafin in faɗi tawa."

Kuluwa ta ce, "Kin yi ƙarya da bakina. Kin kira ƙanwata mayya."

"Mu ba ma rantsuwa, amma ki ji. Yau ban hau ki ba. Na ji an share fili, na zo, na tarar an riga ni shiga an rufe ƙofa. In tambaye ki, da kika farfaɗo, kin yi atishawa?"

Sai Kuluwa ta tuna. Duk ɗan bori ya san iska ba ta sauka sai wanda ta hau ya yi atishawa, kuma sai an ji atishawar ake yarda cewa iska ce ta yi magana. Yau ba ta yi ba. Mutanen Kurmin Ɓauna kuwa, da jin an kira suna, suka kwasa a guje neman mayya, ba wanda ya tsaya ya jira.

Ta ce, "To wa ya shiga?"

Doguwa ta miƙa hannu can saman jeri, ta sauko da wani tulu baƙi, lakar bakinsa ko bushewa ba ta yi ba. "Ga barcinki na yau. Kara kunnenki."

Kuluwa ta kara. Ta ji garaya, amma ba taken Doguwa ba ne, wani kiɗa ne mai ja a hankali irin tuƙin mai fito. Sai ta ji muryar Makau tana bin tsirkiya tana shiga kanta, ba tare da ya buɗe baki ba.

"Yi barci, Kuluwa. Saki jikinki. Nuna mini wanda kike jin haushi."

Sai ga wani mafarki ya taso, wanda ta sha yi tun suna yara, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ga su su biyu sun dawo daga itace. Ƙaya ta soki Tsahara, ta zauna gindin tsamiya tana kira, "Yaya, jira ni." Ita kuwa Kuluwa tana ji, ta ci gaba da tafiya ba ta waiwaya ba, zuciyarta fari ƙal, tana cewa yau Inna tawa ce ni kaɗai.

Muryar Makau ta ce, "Yauwa, ita ce. Kira sunanta. Ki ce mayya ce."

A ƙarƙashin muryar tasa kuma, tun da wanda ya shiga kan wani dole ya bar nasa a buɗe, ta ji tsoronsa tsirara. Shi ne yake ba Ladingo wani jiƙo a ɓoye wai na haihuwa, jiƙon ne ke cin hanjinta, gorar na nan ƙarƙashin gadonta. Yana neman wanda zai ɗora wa laifin kafin a gano.

Kuluwa ta ɗago. Makau ya ba ta haushi, amma mafarkin ya fi ba ta.

"Wannan ƙarya ce. Ban taɓa barin ta a daji ba. Ranar da ƙayar ta soke ta, ni na cire, ni na goyo ta har gida ga itace a kaina. Wa ya ba ku izinin ajiye abin da mutum bai aikata ba? Wa ke da iko da mafarkinsa?"

Doguwa ta ce, "Ban ce kin aikata ba. Tulu ajiya yake yi, ba ya shari'a. Amma da mai garaya bai sami wannan a cikinki ba, da bai sami inda zai kama ba. Ga abin da zan yi miki. Ɗauki tulun ki fasa a gaban jama'a. Duk wanda ke wurin zai ji abin da kika ji, a cikin kansa, ba mai iya musu."

"To a tace shi. A cire mafarkin, a bar mini maganar Makau."

"Ba a tace barci, godiyata. Ko duka, ko babu. In kin fasa, ƙanwarki za ta ji. In kin bar shi a nan, ba wanda zai taɓa sani, kuma in Ladingo ta cika kin san sauran."

Kuluwa ta tsaya tana huci. Ta tuna yadda Tsahara ke kawo mata tuwo in an fyaɗa ta a wasa, tana gasa mata jiki da ruwan zafi, tana cewa duk duniya ba ta da kamar Yaya. Ta ji tsoro ƙwarai, ta kuma ji haushin tsoron. Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta ɗora tulun a ka.

Sannan ta ce, "Saura ke. Kin zo kin ga ana ƙarya da sunanki, da bakina, kika juya kika dawo kina kaɗi."

Doguwa ta ce, "Ba a kira ni shaida ba. Mu sai an kira mu."

"To ki riƙe zanenki. Daga yau bakina nawa ne, ba na ƙara ba kowa aro, mutum ko iska."

Doguwa ta dube ta, mazarin ya tsaya. Sai ta hura mata iska a fuska. Kuluwa ta ga kanta a gindin kuka, rana ta yi la'asar, tulu na kanta yana guna.

Tun daga nesa ta jiyo kukan mata a gidan mai gari. Ladingo ta suma, wasu na cewa ta tafi. Samari sun riga sun kewaye turken, kowa da sandarsa, suna jiran a fito a faɗa. Waɗannan kuwa yaran da Tsahara ta yi wa uwayensu kitson biki ne, amma ka ga yadda idonsu ke ƙyalli sai ka ce farauta za su. Makau na tsaye a bayansu yana ta salati da ƙarfi don a ji.

Kuluwa ta ratsa su ta tsaya a tsakiya. Ta dubi ƙanwarta sau ɗaya, ta ɗaga tulun da hannu biyu ta maka da ƙasa.

Ba ruwa a ciki, ba hayaƙi. Kawai kowa ya dafe kai. Suka ji garaya, suka ji Makau na cewa yi barci, suka ga tsamiya da yarinya da ƙaya a ƙafa, suka ji daɗin da ke zuciyar mai tafiya ba waiwaye. Suka ji zancen gorar jiƙo a ƙarƙashin gadon Ladingo. Sanduna suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta ruga ciki ta fito da gorar, ta miƙa wa mai gari. Makau ya yar da garaya ya zura da gudu, samarin nan kuwa da ma hannunsu na ƙaiƙayi, suka bi shi, da ƙyar dattawa suka ƙwace shi da rai. Aka ɗura wa Ladingo madara, ta yi amai, ta buɗe ido.

Nan fa mutane suka yi ta zuwa wajen Tsahara, wannan ya ce da ma shi bai yarda ba, waccan ta ce ai tun farko jikinta ya ba ta. Kuluwa ta daka musu tsawa suka ja baya. Ta durƙusa tana kwance igiyar da kanta, igiya ta ci wuyan hannun Tsahara har ta yi shati. Ba ta iya ɗaga ido ba.

Ta ce, "Tsahara, mafarki ne. Kin san ni na goyo ki ranar."

Tsahara ta daɗe tana murza hannunta. Da ta yi magana, muryarta a dishe take, ba fushi a ciki, kuma Kuluwa ta gwammace da akwai.

"Na sani, Yaya. Ni ma ina yin mafarkin nan tun muna yara. Ni ce a gindin tsamiyar, ina ta kiranki kina tafiya. Kullum in na farka sai in ce wa kaina, ai Yaya ba ta ji ba ne." Ta miƙe tana dafa turken, ta ɗaura ɗankwalinta. "Ashe kina ji."